Kafintocin Habana da Maganar da Baki Ya Kasa Faɗa

Mafi yawan abin da mutanenmu suka sani game da tsibirin Kyuba bai wuce abu uku ko huɗu ba, watau Fidel Castro da gemunsa da dogayen jawabansa, da likitocin da ƙasar take aikawa Afirka, da rake da taba, sai kuwa tsohuwar gabar da ke tsakaninta da Amurka, wadda ratar teku ta mil 90 kaɗai ta raba su. Amma akwai wani fanni da wannan ƙasa, wadda jama'arta ba su wuce miliyan 11 ba, ta yi fice a cikinsa tun wajen shekaru arba'in da suka shige, har manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka suna rububin abin da 'ya'yanta suka ƙera, alhali kuwa galibin waɗannan ayyuka suka ne ga halin da ƙasar take ciki, an yi su a gaban idon hukuma, sau da yawa ma da kuɗin hukuma.

Fannin da ake nufi shi ne sassaƙa, da wani reshe nata da ya tsiro a ƙarni na 20, wanda za mu kira girke. Sassaƙa dai sananniya ce. Girke kuwa shi ne mai fasaha ya sami ɗaki, ko fili, ko bakin titi, ya tara kayayyaki, ko na ƙirarsa ko na tsintuwa, ya jera su bisa wani tsari da ya ƙudurta a ransa, ta yadda mai kallo ba zai tsaya daga nesa kamar mai duban hoto a bango ba, sai dai ya shiga cikin aikin, ya taka shi, ya shaƙi warinsa, ya fito da wata fahimta wadda ba a faɗa masa da baki ba. Mai karatun da ya ji an ambaci sassaƙa zuciyarsa ta tafi ga gumaka da abin da malamai suka faɗa game da suranta mai rai, to ya kwantar da hankalinsa, domin galibin abin da za a ambata a nan kabad ne da kujera da tanti da kwalekwale, waɗanda ba a taɓa jin wanda ya yi musu sujada ba.

Asalin al'amarin yana komawa ga shekarar 1961, shekara biyu bayan juyin juya hali, lokacin da sabuwar gwamnati ta yi abu biyu waɗanda har yau masu fasahar Kyuba suke zaune a tsakaninsu. Na farko, ta karɓe filin wasan gwalf na attajiran Habana, babban birnin ƙasar, inda a da talaka da baƙar fata ba sa shiga sai da sunan bara ko barantaka, ta sa magina uku, Ricardo Porro da Roberto Gottardi da Vittorio Garatti, su gina makarantun fasaha a kansa, masu ƙubbobi na jan bulo. Kuma ko da yake an tsayar da ginin a 1965 ba a gama ba, a wurin ne aka kafa babbar makarantar fasaha ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da ISA, a 1976, inda ɗan manomi daga ƙauyen da ya fi kowane nisa zai yi karatu kyauta in dai yana da basira. Wannan alheri ne, kuma wanda ya musanta shi bai yi adalci ba. Na biyu, a watan Yuni na shekarar nan ta 1961 Castro ya tara marubuta da masu fasaha a babban ɗakin karatu na ƙasa, ya shimfiɗa musu ƙa'ida, cewa duk abin da ke cikin da'irar juyin juya hali halal ne, abin da kuwa ya yi gaba da shi ba shi da wani haƙƙi. Sai dai bai nuna inda iyakar da'irar take ba, ya bar nassi mai faɗi wanda tawilinsa yake hannun mai mulki, yau ya sassauta, gobe ya tsananta, kamar yadda ya tsananta tsakanin 1971 da 1976, shekarun da Kyubawa da kansu suke tunawa da su a matsayin shekarun duhu ga ma'abota alƙalami.

Da shekarun 1980 suka kama, sai ga samarin da juyin juya halin ya haifa, ya kuma ilmantar, sun taso suna tambayarsa hujja. An fara ganin alamarsu a wani baje koli da mutum 11 suka yi a Janairun 1981 mai suna Volumen Uno, daga nan ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, irin su Puré da Arte Calle da ABTV, waɗansu suna zane a bangon titi da dare, waɗansu suna wasa da hotunan gwarazan ƙasa waɗanda a da ba a taɓa su sai da alwala. Dalilin yin aiki a ƙungiya ba ɓoyayye ba ne: kayan aiki sun yi ƙaranci sai an haɗa hannu, aƙidar gurguzu da aka karantar da su ta fifita jama'a a kan mutum ɗaya, don haka ba mai zarginsu da bidi'a, sa'an nan kuma idan laifi ya rabu a kan mutum huɗu ba ya nauyi kamar idan ya faɗa a kan mutum guda. A wannan zamani ne kuma, a 1984, aka fara babban baje kolin Habana, wanda aka tsara a riƙa yi duk bayan shekara biyu, wanda kuma tun daga zama na biyu a 1986 ya buɗe ƙofa ga masu fasahar Afirka da Asiya da ƙasashen Larabawa, a lokacin da Turai ba ta ko kallon inda suke.

Haƙurin hukuma ya ƙare a 1989. Aka yi ta rufe baje koli ɗaya bayan ɗaya, har samarin suka ga abin ya ishe su, suka yi wani martani wanda, a ganina, ya fi dogon jawabi balaga: a watan Satumba suka taru a filin wasa, masu zane da masu sharhi, suka raba kansu gida biyu suka buga besbol, wasan da Kyubawa suka fi ƙauna, suka kuma sanar cewa tun da an hana su sana'arsu, to ga abin da matasan masu fasaha suka koma yi. A shekara mai zuwa wani saurayi, Ángel Delgado, ya shiga wani baje kolin sassaƙa ba da gayyata ba, ya shimfiɗa jaridar jam'iyya mai suna Granma a ƙasa, ya yi bayan gida a kanta a gaban jama'a. Ba sai an yabi wannan aiki ba, don ƙazanta ƙazanta ce. Amma an ɗaure shi wata shida, kuma a kurkukun ne ya koyi sassaƙa sabulu da yin zane a kan hankici, waɗanda suka zama sana'arsa bayan ya fito. Kafin shekara biyu ko uku mafi yawan taurarin wannan zamani sun fice, waɗansu Meziko, waɗansu Miyami, aka bar azuzuwan ISA da ɗalibai ba manya.

A daidai wannan lokaci ne kuma musiba ta sauko wa ƙasar baki ɗaya. Tarayyar Sobiyet, wadda take sayen sukarin Kyuba da tsada tana ba ta man fetur da araha, ta rushe a 1991, Amurka kuwa maimakon ta sassauta takunkumin da ta ƙaƙaba tun farkon shekarun 1960 sai ta ƙara ɗaure shi, har arzikin ƙasar ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100 tsakanin 1989 da 1993. Wuta takan ɗauke fiye da rabin yini, motoci suka tsaya aka koma kekunan da aka shigo da su daga Sin, abincin da ake rabawa da kati ya kasa kai mutum ƙarshen wata, mutane suka rame har ana gane su a hoto. Hukuma ta kira wannan zamani lokaci na musamman. Ɗalibin fasaha kuwa ba shi da fenti, ba shi da zanen da zai shafa fentin a kai, ba shi ma da takarda.

Cikin malaman da suka rage akwai René Francisco Rodríguez, wanda ya ga cewa karatu a aji ba shi da ma'ana a irin wannan hali, sai ya kwashi ɗalibansa a 1990 ya kai su wani tsohon gidan haya a tsohuwar Habana, suka tambayi mazauna gidan abin da suke bukata, suka yi musu gyara da fenti da 'yan ƙere-ƙere, ya ce musu wannan ma fasaha ce. Daga wannan tarbiyya samari uku suka fito, dukkansu 'yan lardi ba 'yan birni ba: Dagoberto Rodríguez daga Caibarién, haihuwar 1969, da Alexandre Arrechea daga Trinidad, haihuwar 1970, da Marco Castillo daga Camagüey, haihuwar 1971. Makarantarsu tana tsakiyar unguwar da attajirai suka gudu suka bari, gidajen kuwa cike suke da ƙofofi da kabad na katako mai daraja, dangin maɗaci da waninsa, yana ruɓewa ba mai kula. Sai samarin suka riƙa tsinto shi, suna aiki da zarto da guduma da sauran kayan hannu, tun da ba a dogara ga wutar lantarki. Ɗaya daga ayyukansu na farko, na 1994, hoton kansu ne suna buga gwalf a cikin ciyawar makarantar, an kewaye shi da katako mai sassaƙa irin ta gidajen masu hali na da. Abokan karatunsu suka riƙa kiransu kafintoci, su kuwa suka karɓi sunan hannu biyu, suka zama Los Carpinteros.

Karɓar wannan suna hikima ce babba. Mai fasaha, a idon hukuma, mutum ne mai ra'ayi, wanda dole a sa masa ido. Kafinta kuwa ma'aikaci ne, ɗan talakawa, wanda aƙidar ƙasar ta ɗaukaka, kuma ba a tuhumar mai yin kabad da cin amanar ƙasa. Sun ga abin da ya sami yayyensu da suka yi magana ɓaro-ɓaro, sai suka zaɓi hanyar kinaya da ishara, suka sa kowane aiki ya kasance yana da zahiri da baɗini: zahirinsa gwaninta ce wadda ba mai iya kushe ta, baɗininsa kuwa magana ce wadda duk Bakyube yake ji. Wanda ya taɓa zama a gidan biki ya ji mace tana yi wa kishiyarta habaici ya san wannan dabara sarai, don ba a kama suna, kowa ya san da wa ake, wadda aka yi dominta kuwa in ta tanka ta tona kanta. Haka jami'in tace ayyuka yake samun kansa a gaban aikin Kafintoci, domin in ya hana shi, to shi ne ya fara furta fassarar da masu aikin ba su furta ba. Masanin fasahar nan Gerardo Mosquera ya kwatanta 'yan wannan zamani da ciyawar da take tsirowa inda ba a shuka ta ba, wadda kuma fari ba ya kashe ta.

Ga misalin ayyukansu. A 1999 sun ƙera wani ƙaton gurneti na katako, an goge shi yana ƙyalli, kowane ɓangare na jikinsa durowa ce da ake jawowa, suka kira shi akwatin kayan ado. Wanda ya tashi a ƙasar da tun yana firamare ake shirya shi domin yaƙin da ake cewa yana tafe, ya san abin da ake nufi da ajiye makami a ɗakin kwana har ya zama kayan ɗaki. Sun yi doguwar kujerar falo wadda mazauninta kawunan murhun gas ne, ga ta da siffar hutawa, ba ta zaunuwa. Sun yi bangon bulo wanda aka rataye gutsattsarinsa da zaren kamun kifi, kowane gutsure a inda zai kasance a daidai lokacin da wani abu ya fasa bangon, mai kallo yana yawo a cikin rushewar da ta tsaya cik, ba ta gama aukuwa ba, ba ta kuma fasa ba. A 2006 kuma suka kwaikwayi hasumiyar Morro, wadda tun 1845 fitilarta take shiryar da jiragen ruwa zuwa mashigar Habana, wadda kuma hotonta yake ko'ina a matsayin tambarin birnin, suka kwantar da ita a ƙasa cikin ɗaki. Ba su ce komai ba. Amma a shekarar ce Castro ya kwanta ciwo ya miƙa wa ƙanensa Raúl ragama, kuma ƙasar da ta daɗe tana kiran kanta fitilar nahiyarta ba ta bukatar mai yi mata tafsirin hasumiya kwance.

Aikin da ya fitar da sunansu duniya shi ne birnin da ake naɗewa, wanda suka girka a baje kolin Habana na 2000, ya kuma sami lambar yabo ta UNESCO. Tantuna 10 ne na leda da sandunan alminiyam, kowanne an ɗinka shi da siffar wani gini da birni ba ya rasawa, akwai majalisa, da coci, da kurkuku, da asibiti, da masana'anta, da jami'a, da barikin soja, da sauransu, mutum yana iya shiga ya fita, in an gama kuma a naɗe a zuba a jaka a yi gaba. A ƙasar da kusan kowane gida yake da ɗa ko 'ya a ƙetare, tambayar da aikin yake yi a fili take: me mai hijira yake ɗauka in zai tafi, kuma shin hukumomin da suke ganin kansu kamar duwatsu ba tantuna ba ne su ma? Abin lura shi ne ba su manta da kurkuku ba a cikin kayan tafiyar.

Arrechea ya ware a 2003 ya kama gabansa, sauran biyun suka ci gaba, har a 2012 suka yi abin da nake gani shi ne ƙololuwar aikinsu, ko da yake ba katako a cikinsa ko kaɗan. Kyubawa suna da wata rawar titi ta lokacin bukukuwa mai suna konga, mai asali daga bayin da aka kawo daga Afirka, inda makaɗa da 'yan rawa cikin tufafi masu launi suke ratsa gari jama'a na biye. Kafintoci suka shirya irin wannan jerin gwano a babban titin Prado na Habana, amma kowa sanye da baƙaƙen kaya, kiɗan an juya shi daga ƙarshe zuwa farko, 'yan rawan kuma da baya da baya suke tafiya. Jama'ar gari suka shiga, su ma suna ja da baya suna murna. Shekara hamsin ana gaya wa mutane a kowane allo da kowane jawabi cewa gaba ake yi, ba ja da baya. Ga shi an nuna musu kansu a tsakiyar birni da rana tsaka, kuma ba wanda aka kama.

Teku ita ce ɗaya babbar mas'alar. Alexis Leyva Machado, wanda aka fi sani da Kcho, ɗan wani ƙaramin tsibiri ne a kudancin ƙasar, kuma ɗan kafinta ne na haƙiƙa. A baje kolin Habana na 1994 ya tara tarkacen da teku take tofarwa, guntayen katako da tsofaffin takalma da makamantansu, ya mai da su 'yan ƙananan kwalekwale masu yawa, ya jera su a ƙasa suka ba da siffar jirgi guda. Bayan 'yan watanni, a Agustan shekarar, tarzoma ta tashi a bakin tekun Habana, gwamnati ta janye masu gadin gaɓa, mutum fiye da 30,000 suka faɗa ruwa a kan tayoyi da gangunan mai da allunan ƙofa suna neman Amurka, waɗanda teku ta ci kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. A 1995 Kcho ya ci babbar kyautar baje kolin Gwangju a Koriya ta Kudu da wani kwalekwale da ya ɗora a kan tarin kwalaben giya, ya kira aikin domin mantawa. Daga baya kuwa ya zama na hannun daman Castro, har ya zauna a majalisar dokokin ƙasa, abin da ya sa waɗansu abokansa na da ba sa ambatonsa da alheri. Wani kuma, Yoan Capote, yana yin hotunan teku waɗanda daga nesa ruwa ne mai kyau, sai an matso a ga dubban ƙugiyoyin kamun kifi ne aka kafa ɗaya bayan ɗaya.

A nan mai hankali zai tambaya, ina dalilin da gwamnatin da ta ɗaure mutum a kan jarida ta bar waɗannan duka? Amsar, ban da wayon masu aikin, ita ce dala. A 1993 aka halatta riƙe kuɗin Amurka, aka bar masu fasaha su sayar da ayyukansu ga baƙi, su kuma fita waje su dawo, gatan da likita da injiniya ba su samu ba. Attajirin nan na Jamus Peter Ludwig, mai kamfanin cakulan, ya yi ta saye, har aka kafa gidauniya da sunansa a Habana a 1995. A Amurka kuma, bayan wata shari'a a farkon shekarun 1990, aka fitar da ayyukan fasaha daga cikin kayan da takunkumi ya hana shigowa da su. A ƙasar da albashin wata bai fi kimanin dala 20 ba, wanda ya sayar da aiki ɗaya ya sami abin da maƙwabcinsa ba zai samu a shekaru ba. Hukuma ta sami kuɗin shiga, ta kuma sami hujjar da za ta nuna wa baƙi cewa ga 'yanci nan. Baƙin sun sami sukar gurguzu da za su rataya a falo. Mai fasaha ya sami fasfo. Kowa ya ci riba, kuma a nan ne illar take, domin habaicin da wanda ake yi wa yake karɓar la'ada a kansa ya fara zama haja.

Akwai kuma maganar launin fata, wadda hukuma ta ce ta kashe ta tun 1959, alhali ƙasar ba ta hana bauta ba sai a 1886, kuma dalar da 'yan gudun hijira suke aikowa ta fi shiga gidajen farare. Jerin baje kolin da aka kira Queloides, watau tabon da yake kumbura bayan rauni ya warke, wanda aka fara a 1997, shi ya fito da wannan magana fili. Belkis Ayón kuma, wadda ta rasu a 1999 tana da shekara 32, ta gina aikinta kaf a kan labarun ƙungiyar asirin maza ta Abakuá, wadda tushenta yake yankin Kalaba a Nijeriya.

Tania Bruguera, haihuwar 1968, ita ce ta ƙi sulhun nan na dala tsakanin hukuma da masu fasaha. A baje kolin Habana na 2000, a cikin wani dogon ɗaki mai duhu na tsohuwar ganuwar La Cabaña, inda aka tsare mutane aka kuma harbe waɗansu a farkon juyin juya hali, ta shimfiɗa tuƙar rake tana ruɓewa, mai kallo yana tafe yana nutsewa cikin wari, yana bin wani ɗan haske, sai ya iso ya tarar ƙaramar talabijin ce a sama tana nuna Castro, sa'an nan idonsa ya saba da duhun ya ga ashe akwai mutane tsirara tsaye kusa da shi tun ɗazu. Ba a daɗe ba aka rufe shi. A 2009 kuma, a cibiyar Wifredo Lam, ta kafa mumbari da makirufo, ta ce duk mai so ya hau ya faɗi abin da ya ga dama na minti ɗaya. Mutum biyu cikin kakin soja suna ɗora wa mai magana farar tattabara a kafaɗa, kamar wadda ta sauka a kafaɗar Castro a jawabinsa na Janairun 1959, in minti ya cika su sauke shi. Mutane suka hau, waɗansu suka nemi 'yanci, waɗansu kuka ya hana su magana. Da ta nemi maimaita wannan a babban dandalin juyin juya hali ranar 30 ga Disamba 2014, kwana kaɗan bayan shugaban Amurka Obama da Raúl Castro sun sanar da sasantawa, sai aka kama ta tun kafin ta isa, aka riƙe fasfonta watanni. Aikin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne an fitar da shi daga ɗakin da baƙi suke shiga zuwa filin da talakawa suke.

A 2018 gwamnatin Miguel Díaz-Canel ta fitar da doka mai lamba 349, wadda ta wajabta neman izinin ma'aikatar al'adu kafin a nuna ko a sayar da aikin fasaha, ko da a gidan mutum ne, ta kuma ba sufetoci ikon tsayar da taro da ƙwace kaya. Waɗanda suka fi tsayawa a kan ƙin ta ba 'yan ISA ba ne, samari ne na San Isidro, wata matalauciyar unguwa a tsohuwar Habana wadda galibin mazaunanta baƙaƙe ne, suka kafa ƙungiya da sunan unguwar. Jagoransu, Luis Manuel Otero Alcántara, haihuwar 1987, bai yi makarantar fasaha ba, da kansa ya koyi sassaƙa da tarkace. Ya yi wata guda yana yawo da tutar ƙasa a kafaɗarsa dare da rana, domin ya nuna ta kowa ce. Da wata baranda ta rufto ta kashe 'yan mata uku 'yan makaranta a Janairun 2020, sai ya riƙa yawo da hular kwano a ka. Babu kinaya a nan, babu kuma dillalin Turai da zai tsaya masa.

A daren 26 ga Nuwamba 2020 jami'an tsaro suka fasa gidan da 'yan ƙungiyar suke yajin cin abinci. Washegari mutum wajen 300, masu zane da marubuta da 'yan fim, cikinsu har da waɗanda hukuma take ji da su, suka taru a ƙofar ma'aikatar al'adu har tsakar dare, abin da ba a taɓa gani ba. Aka shigar da 30 aka yi musu alkawarin tattaunawa, alkawarin da bai kai mako biyu ba ya warware. Ranar 11 ga Yuli 2021, da zanga-zanga ta ɓarke a garuruwa da yawa saboda yunwa da rashin wuta da magani, aka kama Otero yana hanyar fita, kuma a Yunin 2022 kotu ta yanke masa shekara biyar, cikin laifuffukan har da wulaƙanta tutar ƙasa, abokinsa mawaƙi Maykel Castillo kuma shekara tara.

Tun daga nan muhawara ba ta ƙare ba tsakanin Kyubawa, waɗansu suna cewa masu ishara sun sayi kwanciyar hankalinsu da shiru, waɗansu suna cewa masu fito-na-fito sun bar fasaha sun koma siyasa tsagwaronta. Ni dai ban ga adalci a hukuncin farko ba, domin a shekarun da jaridu da gidan talabijin duk na hukuma ne, majalisa kuma ba ta saɓa wa shugaba, waɗannan kabad da tantuna su ne kusan wurin da ya rage inda Bakyube zai ga halinsa a fili, ya kuma gane maƙwabcinsa ma ya gani. Amma wajibi ne a faɗi cewa rangwamen da aka yi musu bai taɓa zama haƙƙi ba, kyauta ce da ake ba wanda yake da shahada daga ISA da masu saye a ƙetare, kuma ranar da ɗan unguwa marar shahada ya nemi irinta, sai aka ga iyakar da'irar da aka ƙi nunawa tun 1961.

Ƙungiyar Kafintoci ta watse a 2018, bayan shekara fiye da 25. Dagoberto Rodríguez ya zauna a Madrid, Marco Castillo ya koma Meziko, Tania Bruguera ta bar ƙasar a 2021 ta kama koyarwa a jami'ar Harvard, Otero Alcántara kuwa aka kai shi kurkukun Guanajay mai tsananin tsaro, a yammacin Habana.